Agogon Ladan da Hannun Hagu

Babana ladan ne shekara da shekaru a ƙauyenmu, tsakanin Cadakori da Gidan Sori. Tun kafin in yi wayo nake ganin agogo a hannunsa na hagu, farin ƙarfe mai baƙar fuska, gilashin duk ya sha karce. Ba ya cin batir, kuma ban taɓa ganin Baba ya murza shi ba. In aka tambaye shi abin da agogon ke ci, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ni yake ci." Kullum da safe yana daidaita shi da rediyo, ya ƙara minti ko ya rage, sannan ya fita. Da kiran Baba mata ke ɗora tukunya, da shi maza ke sauka daga gona.

Shekarar da hawan jini ya kayar da shi, bayan an gama yankan gero, ina gidan mijina a Gidan Sori. Ko mayafi ban tsaya zaɓa ba na hau kabu-kabu. An kai shi likita a amalanke, daga can aka wuce da shi Maraɗi, ya yi kwanaki ya dawo. Bakinsa lafiya lau, muryar nan tana nan, ƙafa kuma tana ja amma da sanda yana takawa. Hannun hagu ne ya ƙi. Yana rataye a jikinsa, ko tsunkulinsa aka yi ba ya ji. Likita ya ce a riƙa ɗaga shi kullum, Baba ya kama shi da na dama ya kai sama ya dawo da shi, ko da kaɗan-kaɗan ne. Baba ya ji, ya ce to, ya dawo gida ya kwanta a zaure ya juya wa duniya baya.

Kiran salla kuwa ya ce ya bari. Liman ya zo da kansa ya zauna bakin tabarma, ya ce toshe kunne da hannu biyu ba dole ba ne, ko da hannu ɗaya kira ya yi. Baba ya ce shi dai ba zai tsaya gaban gari hannu na reto a gefensa ba. Sai wani maƙwabcinmu ya riƙe kiran, mutumin kirki ne wallahi, amma da salula yake duba lokaci, ita kuma salular rabin mako tana kasuwa wurin caji. Ranar da ya kira la'asar ana tsakiyar cin abincin rana, Inna ta ajiye ludayi ta kama haɓa. Liman ya gaya mini a ƙofar gida cewa saura wata huɗu azumi, kuma ba a shiga azumi da ladan na aro. In Baba bai tashi ba kafin nan, za a tsayar da wani.

Ana cikin haka agogo ya tsaya. Ni na fara gani, na zo da koko na tarar da Baba ya ƙura wa hannunsa ido, ɗan tsinken nan mai zagaye ya ƙame wuri ɗaya. Kokon ma bai sha ba. Nan fa ƴan dubiya suka samu aikin yi. Duk wanda ya zo sai ya ce a ba shi ya gani, ya kama ɗan kan nan na gefe ya yi ta murzawa, ya kara a kunne, ya girgiza kai. Wani tsoho ya ce irin na da haka ake yi musu, sai an murza sau arba'in, ya zauna ya ƙirga arba'in ɗinsa cif. Wani lokaci in an juya shi hannu zuwa hannu sai ya ɗan yi tafiya na minti biyu ya sake tsayawa, su ce ai fitar rai ce. Haba! Ina tsaye ina ji, raina na tafasa, a gaban mara lafiya ake wannan magana.

Yayana da ke Maraɗi ya ji labari, ya zo da sabon agogo a cikin akwati, ruwan zinariya, mai nauyi, bayansa gilashi ana ganin kayan cikinsa. Ya ce na Baba ya tsufa, a jefar. Baba ya duba sabon sau ɗaya, ya yi wa Yaya addu'a, ya tura akwatin ƙarƙashin matashi. Tsohon agogon kuwa ya ce a mayar masa a hannu, a tsayen ma a bar shi.

Ni ban iya zama da abu a ciki. Ranar kasuwar Cadakori na roƙi Baba ya ba ni agogon, na haɗa da na Yaya, na ƙulle su a bakin zane. Akwai wani dattijo mai gyaran agogo da ke zama kusa da masu rediyo, da ɗan teburinsa mai gilashi da wani madubi da yake maƙalawa a ido. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ku duba mini wannan, an ce ya mutu."

Ya karɓa, bai ko taɓa kan ba. Ya riƙe shi a tafin hannu ya yi ta kaɗawa hagu da dama a hankali, kamar mai rairaye, sannan ya miƙo mini. Tsinke na tafiya! Na yi wata ƙara da sai da mai rediyo ya waiwayo. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, wa ya ce miki ya mutu? Yunwa yake ji. Mai shi fa, lafiya yake?" Na gaya masa. Sai ya ce, "To agogo lafiyarsa lau. Hannun da ke ciyar da shi ne ya kwanta."

Na ce ai duk gari sun murza shi bai tashi ba. Ya ce ko shekara za su yi suna murzawa a banza ne, wannan irin ba a haɗa kansa da cikinsa ta nan ba, gyaran lokaci kawai ake yi da kan. Da ya ga na buɗe baki, sai ya ce in matso. Ya sa wani ƙarfe ya kwance bayan agogon, ya maƙala mini madubinsa a ido.

Wayyo Allah! Shekara talatin da wani abu ina ganin agogon nan, ban taɓa sanin akwai gari guda a cikinsa ba. Ƙafafu masu haƙora, wata na tura wata, ga ƴan duwatsu jajaye, ga wata ƴar ƙafa mai gashin ƙarfe tana kai da komo ba hutawa. A samansu duka akwai wani ƙarfe kamar rabin faifai, ko yaya aka karkata agogon sai ya zame ya gangara ƙasa. Dattijon ya ce wannan shi ne bakin agogon. Duk sa'ad da hannu ya motsa, rabin faifan ya juya, sai ya ɗaure wani zaren ƙarfe da ke nannaɗe a ciki, shi kuma zaren yana warwarewa a hankali yana tafiyar da komai. In ya ƙoshi yana kai kwana ɗaya da rabi ba a taɓa shi ba.

Na manta da cefanen da Inna ta aike ni, na ja wani kwali na zauna. Na ce, "To duk masu cin hannu haka suke?" Ya ce ina! Ya ɗauki na Yaya ya juya bayansa. Ya ce wannan injin daga Sin yake, amma kwaikwayon wani na Japan ne, ba irin na Baba ba. Ya kaɗa shi ya sa mini a tafi, na ji wani abu na wulwulawa a ciki, furrr, har agogon na rawa. Ya ce, "Kin ji? Wannan ta gefe ɗaya kawai yake ci. In rabin faifan ya juya ta ɗaya gefen, gudun banza yake yi, ƙara ce kawai. Amma shi yana karɓar murza, in kin murza kan zai ƙoshi ko hannu bai motsa ba."

Sai ya koma kan na Baba, ya nuna mini da tsinke wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu da ya rungumi wata ƙafa. Ya ce shi na Japan ne na ainihi, tsohon yayi. In faifan ya yi hagu yatsa ɗaya ya ja, in ya yi dama ɗayan ya tura, ƙafar kuwa gaba kawai take yi. Ba ya zubar da motsi ko kaɗan, ɗan abin da hannu ya ba shi sai ya lashe. Na sa ya juya faifan da yatsa ya fi sau goma ina kallo, ina cewa, "Ku sake, Baba, don Allah ku sake!" Wanda ya zauna ya yi tunanin yatsun nan biyu, ko a ina yake, na jinjina masa.

Da ya ga haukan nawa na gaske ne, ya buɗe wata ƴar gwangwani ya fito da na uku a naɗe cikin ƙyalle. Na wani alhaji ne daga Tibiri, injin Suwis. Ya murza shi kaɗan, ya ce in saurara. Na kara na Baba a kunnen dama, na alhaji a na hagu. Na Baba yana tafiya tik-tik-tik a natse, na alhaji kuwa sauri yake kamar ana korarsa. Ya ce na Baba bugu shida yake yi a daƙiƙa, wancan takwas, shi ya sa tsinkensa ya fi tafiya sumul. Yana ci ta gefe biyu, yana karɓar murza, kuma in an ja kan waje tsinken yakan tsaya cak, a daidaita shi da rediyo daidai wa daida. Na ce to ai wannan shi ne sarki. Ya taɓe baki ya ce sarki ne, amma wata huɗu ke nan yana kwance a gwangwani ana jiran ɗan ƙarfe guda daga Kano, don in ya ɗan yi tafiya sai ya tsaya. Na Baba kuwa ko a kan jaki ya faɗo, a karkaɗe shi a ci gaba.

Kafin in tashi na tambaye shi ko in na ɗaura shi na yi daka zai ƙoshi. Ya zaro ido ya ce kul, dukan taɓarya zai wahalar da ƴar ƙafar nan mai kai da komo. In dai aiki ne, in yi tankaɗe da shi, ko tuƙi, abin da hannu ke kaiwa da komowa ba bugu.

A kan hanya murnata ta fara raguwa. Me zan ce wa Baba? In ce masa agogo lafiya lau, hannunku ne ya mutu? Na kasa. Na shiga zaure na ce mai gyara ya gyara, na ɗaura masa. Ya kara kunnensa a kai ya daɗe, sannan ya ce a kawo masa fura. Ranar ya ci abinci fiye da na kwana uku.

Daga nan na zama ɓarauniya a gidan ubana. Kullum in ya yi barcin rana sai in lallaɓa in kwance agogon. Ba ya farkawa, don hannun ba ya ji, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, ina kwancewa ina hawaye. In ɗaura a hannuna in shiga tankaɗen gari, nawa da na Inna har da na maƙwabta, suna ta sa mini albarka ba su san agogo nake kiwo ba. Kafin ya farka na mayar. Kwana tara ina haka, Baba ya fara zama a ƙofar zaure, yana gaya wa masu wucewa cewa maƙwabcinmu ya makara da minti bakwai.

Rana ta goma ya kira ni. Ya miƙo hannun dama, a kan farcensa ga wani farin abu. Ya ce, "Wannan daga ramukan sarƙar agogona na ƙwaƙulo shi. Yaushe na fara tankaɗen gero ban sani ba?"

Na yi tsuru-tsuru. Ya ce in faɗa masa gaskiya, shi ba yaro ba ne. Ni kuma da ma a cike nake, sai bakina ya ɓalle. Na ce, "Gaskiya kuke so? Agogonku ba abin da ya same shi! Yunwa ce ta kashe shi, ku kuka hana shi abinci. Likita ya ce ku ɗaga hannu kun ƙi, liman ya zo kun ƙi, kun kwanta kuna jiran a ba wani kiranku!" Inna ta leƙo tana salati, don tunda aka haife ni ban taɓa ɗaga masa murya ba. Na jawo akwatin Yaya daga ƙarƙashin matashi, na juya masa bayan gilashin. Na nuna masa rabin faifan, na karkata ya gangara. Na gaya masa duk abin da dattijon ya nuna mini, da mai ci ta gefe ɗaya, da na alhaji mai sauri, da yatsu biyu na cikin nasa waɗanda ba su raina motsi komai ƙanƙantarsa. Ina faɗa ina manta fushi nake yi, har da kwatantawa da yatsuna.

Da na huce kunya ta kama ni. Na ce masa a hankali, in ya ga dama ya ɗaura na Yaya, shi ana murza shi, da hannun dama ma ya isa, yana zaune zai ƙoshi. Baba ya juya sabon agogon, ya murza kan sau biyu, ya mayar cikin akwati. Ya ce, "Wannan na malalata ne." Sannan ya ce kar in sake taɓa nasa, ko tsayawa ya yi in bar shi. Na fita ban san ko na gyara ko na ɓata ba, ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Washegari da hantsi na zo wucewa ta zaure na ji nishi. Na leƙa ta jikin asabari. Baba na zaune ya jingina da bango, ya kama wuyan hannun hagu da na dama, yana ɗaga shi zuwa ƙirji yana saukewa, yana kai shi gefe yana dawowa, gumi na zuba. In ya gaji sai ya sunkuya ya saurara. Na koma da baya a guje na rungume Inna har ta kusa faɗawa cikin turmi.

Ba a rana ɗaya aka yi ba. Da farko agogon ba ya wuce la'asar. Baba ya yi tsaki, ya zage shi da cewa mayunwaci, ya sake gyara shi da rediyo. Bayan mako biyu ya fara kaiwa magariba. Ni kuwa na zama mai gadi, kowace safiya kafin gaisuwa sai na kai ido kan tsinken, har Baba ya ce in ba gaishe shi na zo yi ba in gaida agogon in wuce. Wata safiya na shigo da koko, ya miƙo mini hannun ba magana. Tsinke na tafiya, ya kwana da rai. Na ajiye kwanon na rangaɗa guɗa a tsakar zaure, maƙwabta suka shigo suna tambayar wa ya haihu. Sai daga baya na tuna yadda ya miƙo mini hannun. Bai tallafe shi da na dama ba.

Kafaɗa ce ta fara dawowa, sannan gwiwar hannu kaɗan. Yatsun kam sun ƙi, suna dunƙule har yau. Da muka koma likita ya yi mamaki, ya tambayi wane magani muka ƙara, Baba ya ce masa wani ɗan Japan ne ke matsa masa lamba.

Saura kwana shida azumi liman ya sake zuwa. Bai kai ga buɗe baki ba Baba ya dubi hannunsa ya ce, "Saura minti goma azahar. Ku ba ni sandata." Ya tafi yana jan ƙafa, liman a gefensa, ni kuma na tsaya a bakin danga da mata, zuciyata na bugu ya fi na agogon alhaji. Ya hau dakalin masallaci da ƙyar, ya jingina sandar, ya fuskanci gabas. Hannun dama ya tafi kunne. Na hagu ya taso a hankali yana karkarwa, ya kai ƙirji ya tsaya. Na ji Inna ta damƙe mini zane. Baba ya cije, ya ƙara, hannun ya kai haɓa, ya sunkuyar da kai ya tare shi. Yatsun ba su buɗe ba, ba su kuma shiga kunne ba. Wuyan hannun ne ya kai, agogon ya kwanta daidai kan kunnensa. A haka ya ja numfashi ya yi kabbara, duk garin ya ji.

Da ya dawo gida na durƙusa na ce ya yafe mini ɗaga muryar da na yi masa. Ya ce ya yafe tun ranar. Sannan ya ce in tashi in ɗora tukunya, shi yunwa yake ji, kuma tun safe bai gama ba wa agogon nasa abincin ba.